Abin da Taru Ya Kamo

Taru ya yi nauyi, har masuncin ya kira maƙwabcinsa mai lambun albasa ya taya shi ja. Da suka fito da shi daga tabki babu ko tarwaɗa ɗaya, sai leda da tsummoki da baƙar laka mai wari.

Bara aka gina wa unguwarsu magudanar siminti. Daminar bana ko katanga ɗaya ba ta faɗi ba, kowa ya yi barci har da minshari. Da hadari ya haɗo, kowane gida sai ya kwaso shararsa ya juye a ciki, ruwa ya yi gaba da ita. Ba wanda ya tambayi inda magudanar take ƙarewa.

"Allah shi isam muna ga duk wanda yak kashe tabkin ga," in ji masuncin. "Nan ubana yac ci, nan nic ci. Ɗiyana fa, ina za su ci?"

Maƙwabcin bai ce amin ba. Ya sunkuya ya zaro wata shuɗiyar buta daga cikin lakar, ya ɗauraye ta, ya miƙa masa.

A gindinta ga liƙin da masuncin ya yi da hannunsa.