Zanen da Bai Yi Kama da Komai Ba

Jami'in tace zane-zane na gwamnatin soja ya jujjuya takardar da wata mai zane ta kawo masa, ya tuntsire da dariya. Baƙar tawada ce kawai, layuka sun gitta juna, ba fuska, ba tuta.

"Baiwar Allah, wannan ne zanen zamanin? Kazar kakata ma ta fi ki iyawa. Je ki rataya abinki."

Ranar baje kolin, manyan birnin Karakas suka cika zauren, har da shi. Sai ƙanenta, fitowarsa ke nan daga kurkuku, ya tsaya gindin zanen, ya tuɓe riga, ya juya musu baya.

Kowane tabon bulala da ke bayansa yana kan takardar.

Ta dubi jami'in. "Ranka ya daɗe, kazar kakarka ta iya wannan?"