Hannun Baffa

Da tsohon Bafulatanin ya dasa karansa na huɗu a gefe, manomin ya gane yau tsakiyar dara tasa ce.

Ya daɗe yana jiran wannan rana. A da, kowane rani idan shanu suka sauka ƙauyen Gwashi, tsohon kan lallasa shi, ya yi dariya ya ce, "Kaɗo, tun wurin dashe aka cin dara." Da farin shekarar tamanin da huɗu ya kora Fulani kudu, manomin ya shekara biyar yana haƙa gurabe shi kaɗai a bakin gona, yana dasa tsakuwa, yana tambayar kansa inda tsohon zai sa kara.

Ga shi tsohon ya dawo, amma sai sakin gidaje yake yi.

Manomin ya ɗaga kai. Yatsun tsohon na laluben ƙasa, idanunsa sun yi fari.

"Baffa, ba nan kaka nuhi ba," ya ce a hankali.

Ya kama hannun, ya kai shi gurbin da ya san in kara ya shiga, shi manomin kam an cinye shi.