Ruwan da Mode Ya Ƙi Zubarwa

Da sanyi ya fara shigowa, masu kiwon kifi na tsakanin Bodinga da Shagari suka kwashe tarwaɗarsu, suka zubar da ruwa, suka naɗe tampol sai bazara. Mode kaɗai ya ƙi.

Nasa kududdufin yana bayan gida. Shuɗin tampol ne da aka ɗaure a jikin ƙarafa, zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum. Mode ya kewaye shi da zana ninki biyu domin tare iska. Ya tsame ganyen darbejiya da ya faɗa ciki, ya goge gansakukar da ta kama gefe, sannan ya ɗinka masa murfi da buhunan taki. Ɗinki ba ya ba shi wuya, domin tela ne shi a Sakkwato, har ranar da mahaifinsa ya rasu, dattawan ƙauyensu na bayan Horo Birni suka kira shi gida, suka naɗa shi Sarkin Ruwa.

Wannan sarautar ce take rawa a kansa. Saura mako shida masunta su yi bikin buɗe babban tafkin garin, kuma al'adarsu ita ce Sarkin Ruwa ya fara shiga shi kaɗai, ba goran da masunta ke hawa a kan ruwa, ya isa tsakiya, ya nutsa, ya fito da kifin farko. Wanda ya kasa, a bakin ruwan ake warware masa rawani. Bashar, ɗan ƙanin mahaifinsa, har ya sayi nasa rawanin ya ajiye.

Kullum da hantsi matarsa Zulai takan ɗora manyan tukwane uku, ta tafasa ruwa, ta juye a cikin tampol. Itacen gidan ya kusa ƙarewa. Mode kuwa ya kama tari, idanunsa suka yi jajir, maƙwabta suka ce wahalar kifi ce za ta kwantar da shi. 

Sai Bashar ya baza magana cewa ƙatuwar tarwaɗa Mode yake kiwo, wadda zai ɓoye a cikin wando ranar biki. Wata Laraba ya zo ƙofar gidan tare da Malam Sha'aibu, babban dattijon masunta.

"Ranka shi daɗe, Sarkin Tela," in ji Bashar. "Zubas da ruwanga kowa shi ga abin da ka ciki."

"Ruwana na, gidana na," in ji Mode. "Ba ni zubas da ko moɗa guda."

"To kifin da ba a taɓa ganin ka saya mai abinci ba, iska shika ci?"

"In ka gamu da shi kasuwa, ka tambaye shi."

Malam Sha'aibu ya gyara murya. "Mode, bari mu leƙa kawai, magana ta mutu."

Mode ya rusuna, amma bai matsa daga ƙofar zanar ba. 

"Baba, da girmanka. Ran biki ku lalube ni tun daga wuya har idon sawu, gaban jama'a. Amma yau, wanda yat taɓa murfinga sai dai shi bi ta kaina."

Dattijon ya ja hannun Bashar suka tafi. Bashar yana waiwaye yana cewa mako shida ba shekara ba ce.

Mode ya sa sakata. Rana ta take tsaka. Zulai, wadda aka haifa a gidan masunta na bakin gulbi, ta juye tukunyar ƙarshe, ta yaye murfin, ta tsoma gwiwar hannu ta ji ɗumi. Ruwan garau yake har ƙasa, babu abin da ke motsi a cikinsa.

"Maigida," ta ce, "yau ba ni riƙe maka haɓa. In ka sha ruwa, ka sha."

Sarkin Ruwa ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya taka tsani zai shiga, domin a duk zuriyarsu shi kaɗai aka kai birni tun yana ɗan shekara biyar, kuma yau kwanansa goma sha tara ke nan da fara koyon iyo.