Mai Amsa ta Sha Bakwai

Tafin karrama Farfesa bai gama lafawa ba, yayarsa ta taso daga kujerun baya ta fizge makirufo daga hannun mai gabatarwa.

Shekara ashirin Farfesa yana bincike kan yadda talaka ke mutuwa a layin asibiti, kuma duk takardar da ta ɗaga sunansa da labarin mace guda take buɗewa, wadda ɗanta ya cika a cinyarta tana jiran likita. Ƙa'idar aiki ce a ɓoye suna, sai ya kira ta Mai Amsa ta Sha Bakwai.

"Yaya, don Allah bari mu je gida," ya ce.

"Ni ce sha bakwai ɗin," ta gaya wa jama'a, sannan ta tsare shi da ido. "Ka ci abinci da gawar ɗana har ka yi tumbi. Ka rubuta awa shida na yi a kan benci, ba ka yi ƙarya ba. To ƙara wannan: sau tara na kira wayarka ranar. Da ka ɗauka, cewa ka yi kana taro kan lafiyar talaka."