Falken Da Ya Tsare Rufi

Wani falke ne mai fataucin jan fata ya ƙetare hamada shi da taubashinsa, har suka dangana da wani gari na bakin teku can arewa, inda ƙasa ta ƙare. Suka sauka a wani ɗan gidan bene, ɗaki ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a layin da ke fuskantar ruwa. Taubashin nan dattijo ne, kuma tun a hanya zazzaɓi ya kayar da shi, har ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Ran da za su baro gida, matar dattijon ta riƙe akalar raƙumi ta ce wa falken yadda ya tafi da shi a raye, haka zai maido mata shi. Ya ce ya ɗauka.

Ranar wata Laraba, a tsakiyar hunturu, gari ya waye da hadari baƙi ƙirin ya taso daga kan teku. Falke ya tsaya yana kallo, domin a ƙasarsu ba a san hadari da hunturu ba, lokacin ne ma ake barin dawa a masussuka a je a yi barci. Su kuwa can da sanyi suke daminarsu. Kada wani ya kira mutumin nan wawa, domin ba wawa ba ne, ba kuma rago ba. Duk abin da ubansa ya koya masa game da hadari sai da ya yi, bai tsallake ko ɗaya ba. A garinsu ta sama ruwa ke cin gida: soro ya jiƙe, azara ta karye, rufi ya rufto kan mutane. Saboda haka ya hau ya liƙe kowace tsaga, ya share indararo, ya danne da duwatsu duk abin da iska za ta iya ɗauka. Ya kwaso fatunsa ya jibge a ƙasa. Sa'an nan ya goyo maras lafiya ya sauko da shi, ya yi masa shimfiɗa a lungun da ya fi ɗumi, ya hura masa wuta a kasko, ya toshe bakin ƙofa da tabarmi. Ya ga maƙwabta suna ta hawa benaye da tukwane da yara da awaki, wasu sun nufi tudu, suna yafuto shi suna magana cikin harshen da bai gama ji ba. Har tausayinsu ya ji. Ya ce a ransa, ruwa zai sauko daga sama, su kuma bayin Allah suna hawa su tarye shi.

Da hantsi iska ta iso, tana kuka kamar an buɗe mata ƙofar da aka daɗe da kullewa. Ruwan da ya biyo ta ruwa ne a sararin sama, amma da ya taɓa abu sai ya daskare nan take. Igiyar shanya ta yi kaurin taɓarya. Itatuwa suka koma kamar an zuba musu narkakken gilashi, rassa suna karyewa da ƙarar bindiga. Falke yana ɗakin sama yana shafa rufi da tafin hannu, yana hamdala don ko ɗigo babu, sai ya ji wani sauti a ƙarƙashin na iskar, mai kama da gudun garken shanu. Ya leƙa ta taga. Tekun da kullum yake gani yana zuwa iyakarsa ya koma, kamar dabbar da aka ɗaure a turke, yau ya tsinke igiya. Ya haye ganuwar duwatsu ya shigo gari, yana tafe cikin layi ɗauke da jirgin masunta, yana juya shi kamar ɓawon gyaɗa. Falke ya buɗe baki zai yi salati, ya kasa ƙarasawa. Bai taɓa sanin ruwa yana shiga gida ta ƙofa kamar mai gida ba.

Sai ya tuna wanda ya kwantar a ƙasa. Kafin ya sauka matakala ruwa ya kai gwiwa, da ya shiga ɗakin ya kai ƙugu, sanyinsa na yanka kamar aska. Wutar kasko ta mutu, fatu suna yawo, rininsu ya mai da ruwan ja wur. Dattijo ya ja jiki ya rungume wani ƙunshin fata, ya ɗaga haɓa sama, ba ya ko iya kira. Falke ya saɓa shi a kafaɗa ya hau da shi, ƙafafunsa ba sa jin matakalar da suke takawa. Ya kwantar da shi a ɗakin nan da ya kwashe da hannunsa, busasshe ƙayau, ya lulluɓe shi da bargon da ya rage. Da haƙoran dattijo suka daina kaɗawa, sai ya dubi sama ya ce, "Bawana, rufinka dai ya yi kyau. In Allah ya mai da mu gida, a ƙofar masallaci ran Juma'a za ka ba ni haƙuri, kowa na ji." Falke yana riƙe da hannun dattijo, idonsa na kan ruwan da ke ɗauke fatunsa ɗaya bayan ɗaya ta ƙofar da ya toshe da tabarmi.

Magabata ba su bar komai ba: ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.