Motar Gawa a Tashar Bas

Na cusa rigar makarantarmu ta Katolika cikin jaka, amma duk da haka 'yan matan makarantar gwamnati huɗu suka tare ni a tashar bas. Nan ɓangarensu ne na birnin Belfast, inda ba a ƙaunar 'yan Katolika.

"Ke, 'yar wace makaranta ce?" in ji shugabarsu, Leanne, wadda ta fasa wa ƙawata baki bara.

"Baƙuwa ce ni." Ƙarya na yi mata.

Sai ga motar gawa. Kafin in ankara, hannuna ya yi alamar gicciye, yadda mu 'yan Katolika muka saba idan aka wuce da gawa. Shi ke nan, tawa ta ƙare.

Amma ba wadda ta kalle ni. Leanne suka zuba wa ido, yatsunta a goshi, ita ma ta fara alamar gicciye.

Ta raɗa mini, "Kin iya gudu?"