Karen Garken Raguna

Lalaci ne ya ja wa wani kuku, ba rashin sani ba. Sau uku maigidansa yana gargaɗinsa cewa in ya gyara kifi ya binne kayan cikin, kada karen da ke gadin raguna ya ci su ɗanye. Amma kifin Jidda ya wuni a zafin Makka, kuku ya feɗe shi, ya watsa hanjin bayan katanga, ya koma inuwa abinsa.

Kashegari kare ya kwanta yana ta amai. Saura mako biyu Arfa, ga raguna ɗari uku a garke can bayan Muzdalifa, babu mai gadi.

Maigida ya ce, "Kai ka ba shi?"

"Wallahi, Alhaji, ban ba shi ba. Ajiyewa na yi, shi ya ɗauka."

"To, madalla. In ya mutu, iƙamarka ta zama a ƙasar nan ta bi shi."

Ranar nan duk Makka ana roƙon Aljanna, kuku yana roƙa wa kare lafiya.

Likitan dabbobi ya ba da ƙwaya, safe da yamma, kwana goma. Aka ɓoye ta a nama, kare ya cinye nama ya tofar da ita. Likita ya ce sai dai a tura ta da hannu har maƙogwaro.

Maigida ya dubi kuku. Kuku ya ce, "Alhaji, yawun kare fa najasa ne!"

"Ga ruwa, ga ƙasa, ka wanke sau bakwai."

Kare ya warke. Kuku ya cusa hannu a bakinsa sau ashirin, ya wanke sau ɗari da arba'in.